Sawun Yatsu Huɗu a Damtsena

An haife ni a garin Gombe a shekarar 1989, lokacin muna ƙarƙashin Jihar Bauchi. Mahaifiyata ta rasu ina da shekara biyu da 'yan watanni, saboda haka matar da ta raine ni ita ce wadda mahaifina ya aura bayan rasuwarta, wadda nake kira Inna har yau. Labarin da zan bayar na wata lalura ce da aka haife ni da ita a fata da gaɓoɓi, amma ba zai yiwu in ba da shi ba tare da Inna ba, domin ta ɗauki zargin wannan lalura fiye da shekara ashirin, kuma da sa hannuna a cikin ɗora mata shi.

An ce tun ina jaririya matan unguwa suke son shafa kumatuna saboda taushin fatata, wasu har suna cewa kamar ƙullin alkama da ya sha bugu. Matsalar ba ta fito fili ba sai da na fara gudu. Faɗuwar da za ta sa wani yaro ya ɗan kuje ya tashi ya kaɗe jikinsa, ni fatata darewa take yi ta wangame baki kamar an tsaga ta da aska. Idan an kai ni an ɗinke, kwana kaɗan sai ɗinkin ya saki, ciwon ya yi makonni kafin ya kame, kuma idan ya warke ya bar tabo mai faɗi, siriri, mai sheƙi, mai tamoji kamar takardar da aka cukuikuye aka sake miƙarwa. Kafin in shiga aji ɗaya na firamare goshina da haɓata da gwiwoyina da ƙwaurina duk sun cika da irin wannan tabo. Ga shi ni fara ce, ko ƙofa na ɗan buga sai jini ya kwanta a wurin, ya yi baƙi, ya yi kwanaki bai baje ba. Duk wanda ya ga marainiya a hannun matar uba da jiki irin wannan, ba ya bukatar a faɗa masa abin da zai zata.

Abin da ya raba gidanmu ya faru ne a watan Oktoban 1996, watan da aka ba Gombe jiha, gari yana ta murna. Wata yamma Inna tana tuƙa tuwo a tsakar gida, na shigo da gudu, na yi tuntuɓe da itace, na tafi gadan-gadan zan faɗa kan tukunyar. Ta saki muciya ta cafke damtsena ta fizgo ni baya. Ban ƙone ba, amma kafaɗata ta goce, ƙwaurina ya bugi dutsen murhu ya dare, washegari kuma sawun yatsunta huɗu ya fito raɗau a damtsena kamar an zana da tawada. Bayan kwana biyu ƙanwar mahaifiyata, wadda nake kira Yafendo, ta zo daga Kumo ganina. Ta ja ni ɗaki, ta ɗaga hannun rigata, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Faɗa mini gaskiya, kada ki ji tsoron kowa. Ita ce ta yi miki wannan?" Na ɗaga kai alamar e. Ba ƙarya na yi ba, domin hannunta ne ya yi sawun, amma babu wanda ya tambaye ni dalilin da ya sa ta riƙe ni, ni kuma ina 'yar shekara bakwai ban san cewa dalilin shi ne dukan maganar ba. Na kuma ji daɗin yadda Yafendo ta rungume ni tana kuka, tana kiran sunan mahaifiyata. Wannan ɓangaren ne na fi jin kunyar faɗa, shi ya sa na rubuta shi.

A daren mahaifina ya yi wa Inna saki ɗaya. Baffana ne ya sa baki aka mayar da ita kafin iddarta ta cika, bisa sharaɗin dangin mahaifiyata cewa ni ba zan sake kwana ƙarƙashin kulawarta ba. Aka tafi da ni Kumo, inda na yi shekara shida.

Da a ce mutane suna barin abin da ido ya gani ya gyara abin da zuciya ta riga ta yanke, da zaman Kumo ya wanke Inna cikin wata guda, domin babu abin da ya canza. Na ci gaba da darewa, jini ya ci gaba da kwanciya, kafaɗar ta sake gocewa sau biyu ina ɗaukar bokitin ruwa. Sai maganar ta sauya salo, aka ce ai jifa ce, tunda an raba ta da ni ta biyo ni da asiri. Aka yi mini rubutu da hayaƙi, aka kira wanzami ya yi mini tsaga da ƙaho a gwiwoyi saboda ciwon da nake kuka da shi da dare, kuma kowace tsaga, maimakon ta warke ta zama ɗan siririn layi kamar ta kowa, sai ta baje ta zama tabo mai faɗin ɗan yatsa. Mai ɗorin da ake kai ni wurinsa ne kaɗai ya taɓa kusantar gaskiya, ranar da ya mayar da kafaɗata da hannu ɗaya ya ce wa Yafendo shi bai taɓa ganin gaɓar da ke fita da sauƙi ta koma da sauƙi haka ba, kamar igiyar da ta ɗaure ta ta yi sako-sako. A asibiti kuwa an gwada ni ko sikila ce, aka ce jinina AA ne, aka gwada daskarewar jini aka ce lafiya lau. Wannan sakamako, wanda ya kamata ya zama abin farin ciki, shi ya ƙara wa zargin ƙarfi, domin an ce tunda asibiti bai ga komai ba, to ciwon ba na asibiti ba ne.

Na koma gidan mahaifina ina da shekara goma sha uku don shiga sakandare. Inna ta karɓe ni da fara'a, ta ba ni abinci, ta wanke mini kaya, ta zauna da ni in ba ni da lafiya, amma ko sau ɗaya ba ta sake taɓa jikina ba. Kitso ma maƙwabciya take kira ta biya ta. Idan za ta miƙo mini abu sai ta ajiye a ƙasa in ɗauka. A lokacin na ɗauka ƙiyayya ce, na kuma rama da nawa shirun. A makaranta ana kirana 'yar roba, ina lanƙwasa babban yatsana ya taɓa hannuna, ina jan fatar wuyana ta taso, 'yan aji suna dariya suna ba ni alewa, in koma gida gaɓoɓina suna zugi. Dogon hijabi da safa suka rufa mini asirin sauran. Na yi kwalejin ilimi na karanta ilimin halittu, na zama malama, har na sha rubuta kalmar kolajin a allo ina gaya wa ɗalibai cewa shi ne furotin da ke riƙe fata da jijiyoyi, ban taɓa kawo wa raina cewa tarihin rayuwata nake rubutawa ba. Mahaifina ya rasu a 2010, yana mai yaƙinin cewa matarsa ta taɓa cutar da 'yarsa kuma ya yafe mata.

Na yi aure a 2012 bayan mun yi gwajin jini kamar yadda aka saba yanzu, aka ce babu matsala. A haihuwata ta fari, a 2013, an yi mini ƙari an ɗinke, kafin suna ɗinkin ya buɗe. Zaren bai tsinke ba, naman ne ya ƙi riƙe shi. Na yi wata biyu ina jinya, tsofaffi suna cewa ragwancin shiga ruwan zafi ne ya jawo mini. Yarinyar lafiyarta lau, fatarta irin ta mahaifinta. Ɗana na biyu ya zo a 2016, faya ta fashe saura mako biyar watansa ya cika, kuma ranar da na fara yi masa wanka da hannuna na ji taushin fatarsa gabana ya faɗi, ko da yake ban iya faɗin dalili ba.

Da ya kai shekara biyu na riga na san dalilin. Cikin wata huɗu sau uku muna zuwa sashen gaggawa, goshi sau biyu, haɓa sau ɗaya. A zuwa na uku wata ma'aikaciyar jinya ta tuɓe masa riga, ta ga jinin da ya kwanta a hannuwansa da bayansa, ta dube ni ta ce, "Wa yake dukan yaron nan a gida?" Kafin nan ma surukata ta taɓa cewa, cikin lafazi mai laushi, aikin koyarwa yana sa mace ta dawo gida da zafin rai. A kan bencin asibitin nan na tuna da fuskar Inna ranar da ake fita da ni daga gidanmu, tana tsaye bakin madafa ba ta ce uffan ba, na kuma gane cewa ba rashin abin faɗa ne ya hana ta magana ba, rashin wanda zai yarda ne.

Likitar yaran da ta zo duba shi ta daɗe tana kallon hannuna da nake riƙe da kansa, yadda yatsuna suka lanƙwashe baya. Ta ce, "Malama, ɗan miƙo mini hannunki." Ta kama fatar cikin hannuna, ƙasa da gwiwar hannu, ta ja, fatar ta taso sosai, ta saki ta koma nan take. Ta nemi in nuna mata ƙwaurina, na cire safa a gaban baƙuwa karo na farko cikin shekaru. Sannan ta yi mini wani gwaji mai maki tara da ake kira ma'aunin Beighton: ƙaramin yatsa ya lanƙwashe baya, babban yatsa ya taɓa hannu, gwiwar hannu da ta ƙafa su wuce miƙewa, kowanne dama da hagu, sai kuma a sunkuya a dafa ƙasa da tafin hannu ba tare da an lanƙwasa gwiwa ba. Na sami takwas. Ta zauna ta ce, "Babu wanda yake dukan ɗanki. Ina kyautata zaton ke ma babu wanda ya dake ki." Ta rubuta mini suna a takarda, Ehlers-Danlos, ta tura mu wurin likitan fata.

Sunan na wasu likitocin fata biyu ne, Edvard Ehlers ɗan ƙasar Danmak da ya bayyana lalurar a 1901, da Henri-Alexandre Danlos ɗan Faransa da ya yi bayaninta a 1908. Ba ciwo ɗaya ba ne, dangi ne, kuma rabe-raben da masana suka amince da shi a 2017 ya kasa shi gida goma sha uku. Namu shi ake kira na asali, wanda ake ƙiyasin yana samun kamar mutum ɗaya cikin dubu ashirin. Abin da likitan fata ya bayyana mini, da abin da na bi na karanta daga baya da idon malamar ilimin halittu, shi ne ya warware mini kowace tambaya ta ƙuruciyata ɗaya bayan ɗaya, don haka zan ɗan tsaya a kansa.

Fatar da muke gani a waje siririn rufi ce kawai. Ƙarfin fata yana ƙarƙashinta, a wani shimfiɗi mai kauri wanda mafi yawansa kolajin ne, furotin da ya fi kowanne yawa a jikin ɗan Adam, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan furotin ɗin jiki. Duk matar da ta taɓa dafa farfesun ƙafar sa ko ganda ta bar shi ya kwana ta tarar da romon ya daskare yana rawa, ta ga kolajin da idonta, domin shi ne ya narke a wuta ya kama da ya huce. Shi ne kuma abin da majema suke jiƙawa da bagaruwa ya zama fatar da dukawa ke ɗinkawa. A cikin jiki wasu ƙwayoyi ne suke saƙa shi, kuma tsarinsa tsarin igiya ne sak: sili uku ake tufkawa su murɗe da juna, kuma a jerin tubalan da suka gina kowane sili, duk bayan biyu, na uku koyaushe wani ɗan ƙaramin sinadari ne mai suna gilaisin, wanda ƙanƙantarsa ce ke ba silin uku damar matsewa. Waɗannan tufkakkun igiyoyi sai su jeru gefe da gefe su zama zare, zaruruwa su haɗu su zama dami, damman su sarƙe kamar saƙar tabarma.

Kolajin iri-iri ne, an ba su lambobi. A fata nau'i na ɗaya ne ya fi rinjaye nesa ba kusa ba, sai na uku, sai na biyar wanda ɗan kaɗan ne ƙwarai. Amma wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne yake fara kafa zaren, nau'i na ɗaya ya taru a kansa, shi ne kuma yake ƙayyade kaurin da zaren zai tsaya a kai. Da likitan ya faɗi haka sai na tuna kakata tana kaɗi a zaure da mazari da tasa da alli a yatsa, yadda auduga komai kyanta ba ta zama zaren kirki sai hannun da ke sakinta ya daidaita, in ba haka ba wani wuri ya yi kauri kamar abawa wani wuri ya sirance har ya kusa tsinkewa. Kowane mutum yana da kwafi biyu na umarnin ƙera kolajin na biyar, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, a wata ƙwayar gado da ake kira COL5A1, da 'yar'uwarta COL5A2. A yawancin masu irin lalurata kwafi ɗaya na COL5A1 ba ya aiki, sai jiki ya samar da kusan rabin abin da ake bukata. Audugar tana nan da yawa, wato nau'i na ɗaya, amma mai daidaita ta ya yi kaɗan. Likitan ya nuna mini hoton irin wannan fata da aka ɗauka da madubin ilektaron, na'urar da ke girmama abin da ido ba ya gani: a fatar mai lafiya zaruruwan da aka yanka a gicciye da'irori ne masu girma ɗaya, a jere kamar ƙwai a faranti, a tamu kuwa wasu ƙanana wasu manya, wasu sun kumbura gefensu ya yi kududdufai, har masana suna kamanta su da farin kabeji.

Daga nan komai ya fito. Fata tana miƙewa fiye da ƙima domin saƙar da ya kamata ta tsayar da ita ta yi sako-sako, tana kuma komawa nan take domin ɗaya furotin ɗin mai aikin danƙo, ilastin, yana aikinsa. Jini yana kwanciya domin ƙananan hanyoyin jini da ke cikin fata ba su da matashi mai ƙarfi a kewayensu, matsi kaɗan sai su fashe, alhali jinin kansa yana daskarewa daidai, shi ya sa gwajin Kumo bai ga komai ba. Tabo yana faɗi yana sirancewa domin tabo ma da kolajin ake gina shi, jiki yana yin faci ne da irin zaren da ya yage tun farko. Gaɓoɓi suna gocewa domin jijiyoyin da suka ɗaure su daga wannan saƙa suke, kamar yadda mai ɗori ya hango ba tare da ya san sunanta ba. Hatta fayar da ta fashe kafin lokaci tana da bayani, domin jakar da jariri ke kwance a ciki daga jikin jaririn take, ba daga na uwa ba, kuma kolajin ne ke riƙe ta. Ita ma riƙon ceto da babba zai yi wa yaron da zai faɗa wuta dole ta bar sawun yatsu a irin wannan fata.

Maigidana ya sayar da babur ɗinsa muka haɗa da adashena aka aika jininmu ƙasar waje, a 2019 sakamako ya dawo ya tabbatar da canji a COL5A1, iri ɗaya a jikina da na ɗana. Dalilin da ya sa likita ya nace a yi gwajin shi ne a tabbatar ba nau'in da ke taɓa kolajin na uku ba ne, wanda yake raunana manyan hanyoyin jini da hanji har su iya fashewa, kuma alhamdu lillahi ba shi ba ne. Gadon wannan lalura ba irin na sikila ba ne da mutanenmu suka fara ganewa, inda sai uwa da uba sun haɗu a kan abu ɗaya. A nan kwafi ɗaya ya isa, don haka kowane ciki da zan ɗauka rabi da rabi ne, ko wa na aura, kuma gwajin da ake yi kafin aure ba ya nuna shi. Akwai wasu nau'o'in dangin da sai an gada daga ɓangare biyu, waɗanda auren zumunci ke ƙara yiwuwarsu, amma namu ba ya cikinsu. Na tambaya daga wa na gada, tunda babu mai irin fatata a dangin uwa ko na uba, aka ce kusan rabin masu wannan nau'i canjin daga kansu yake farawa. Da akwai ko mutum ɗaya mai irin tabona a danginmu, wataƙila da an dube shi an ƙyale Inna.

Babu maganin da ke gyara saƙar, kuma na fi son in faɗi haka ƙarara saboda masu tallar garin kolajin a Facebook da 'yan'uwa masu kyakkyawar niyya da suka yi ta aiko mini da ganda. Duk kolajin da aka ci, ciki yana farfasa shi ya koma tubala, jiki kuma ya sake gini da umarnin da yake da shi. Bitamin C yana da gurbi na gaskiya, domin sinadaran da ke ƙarfafa tufkar kolajin ba sa aiki sai da shi, kuma likita ya ce yana iya rage kwanciyar jini amma ba ya hana fata miƙewa ko tabo faɗi, don haka gwaiba da lemo da kwalba da nono ba sa yankewa a gidana. Sauran duk kiyayewa ce. Ina yawo da takardar likita a jakata mai bayanin cewa idan za a yi mana ɗinki a yi shi hawa-hawa tun daga ciki, kada a ja fatar da ƙarfi, a ƙara da filasta, a kuma bar zaren ya ninka kwanakin da aka saba. Ba ma shan asfirin. Kaciyar ɗana a asibiti aka yi ta hannun likitan tiyata da ya san lalurar, duk da surutun da hakan ya jawo a dangin mahaifinsa da ke da wanzaminsu na gado. Na je makarantar bokonsa da ta allo na roƙi malamai kada a sa masa bulala, na nuna musu ƙwaurina don kada su ɗauka shagwaɓa ce. Ƙwallo ce ta fi ba mu wahala, domin yaro ne a Gombe kuma kowane lungu fili ne. Game da ƙarin haihuwa, ni da maigidana mun daɗe muna shawara da istihara, muka tsaya a kan biyun da Allah Ya ba mu, saboda jikina ya sha wuya a haihuwa ta biyu kuma gaɓoɓin ƙuguna ba su koma daidai ba. Wata mai irin lalurata za ta iya yanke akasin haka, ba zan ga laifinta ba.

Na yi wata uku da takardar sakamakon a jaka kafin in iya zuwa wurin Inna. Na fara zuwa Kumo, na karanta wa Yafendo, ta saurara har ƙarshe ta ce Allah ne masani, ta kawo wata hira. Ban matsa mata ba, domin ta tsufa, kuma abin da ta yi ta yi shi ne don 'yar'uwarta da ke kabari. Inna kuwa na same ta a ɗakinta a gidan ƙanena tana tsintar wake. Na zauna a ƙasa na yi mata bayanin zare da saƙa da mazari, na ga tana bi, domin ita ma ta yi kaɗi a ƙuruciyarta. Sannan na ce, "Inna, ranar da kika fizge ni daga murhu, an tambaye ni ko ke ce, na ce e, ban faɗi sauran ba. Ki yafe mini."

Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta yi magana sai ta ce ita tun wankan farko da ta yi mini ta san fatata ba irin ta sauran yara ba ce, ta kuma faɗa wa mahaifina ya ce tsoron rainon ɗan wani ne ke damunta. Ta ce akwai lokacin da ta ɗinka mini wasu 'yan matasai da tsohon zani da auduga tana ɗaura mini a gwiwa, aka ce tana ɓoye tabon dukan da take yi mini ne, ta cire ta ƙona. Na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta sake taɓa ni ba bayan na dawo. Ta ce, "'Yar nan, na ga abin da hannuna ya yi miki ranar da na so ki da alheri. Tsoro nake ji." Game da yafiya kuma ta ce ba a neman gafara a kan maganar ɗan shekara bakwai, amma tunda na nema ta yafe duniya da lahira, abu ɗaya kawai ta so, da Malam yana raye ya ji wannan takarda.

Mako biyu bayan haka ta sa ƙanena ya kawo ta gidana a Keke Napep, da ƙullin yadi da soso da allura. Ta kira ɗana ta ce, "Zo nan, maigidana, in auna ka." Ya miƙa mata ƙafa, ta tsaya tana kallon ƙwaurinsa hannunta a sama, sai da na ce mata ta taɓa, ba zai dare ba in dai da tafin hannu ne. Ta auna da taƙi daga gwiwa zuwa idon sawu, ta yanka soson, ta rufe shi da yadi mai ruwan ƙasa don kada ya fito a ƙarƙashin wandon makaranta, ta sa masa maɗauri biyu. Yanzu yana kan na huɗu, domin duk shekara sai ya fi ƙarfin na baya, kuma tun da idonta ya raunana ni nake zura mata zare a allura.